Yadda Aka Ceto Hannun Ummi Daga Injin Markaɗe

Sana'ata walda, a garin Kumo nake zaune. Abin ya faru ne cikin watan azumi, lokacin da kowane gidan markaɗe ke cika da yara tun daga azahar har gab da shan ruwa. 'Yata ta uku, mai sunan mahaifiyata, wadda muke ce wa Ummi, shekararta 7 a lokacin. Ta bi yayarta kai markaɗen waken ƙosai a bayan layinmu. Mai injin ya juya zai ba wata canji, waken ya maƙale a mazurari ya ƙi sauka, ita kuma ta saba ganin yadda manya ke yi, sai ta sa hannun dama ta tura. A ƙasan mazurarin akwai wani ƙarfe mai murɗiya, shi ke jan duk abin da aka zuba zuwa ga haƙoran injin. Shi ya kama mata yatsu uku. Ihun yayarta ne ya sa mai injin ya waiwayo ya kashe shi, da an ƙara daƙiƙa biyu da tafin hannun ma ya shige.

Kafin in iso daga shago mutane sun taru, kowa da maganinsa. Wani ya riga ya ɗaure mata damtse da robar taya, ya ja iya ƙarfinsa. Wani ya ruga ya ɗebo man birki, wata tsohuwa tana cewa a kawo toka. Babu mai mugun nufi a cikinsu, so suke jini ya tsaya. Wadda Allah ya jefo mana ita ce wata maƙwabciyarmu da ta daɗe tana aikin jinya kafin ta yi ritaya. Ta dakatar da mai man birkin, ta kwance robar, ta karɓi wankakken ɗankwali ta naɗe yatsun ta danne, sannan ta ɗaga hannun yarinyar sama da kanta. Ta ce da ni, "Baban Ummi, riƙe nan ka danne, kada ka ɗaga don ka leƙa. Kuma kada wanda ya ba ta ko da ruwa ne, ƙila a yi mata aiki yau." Cikin 'yan mintoci jinin da ke tsartuwa ya koma ɗiga.

Ita ce kuma ta lura kan manuni ba ya nan. Ta sa aka lalubo shi cikin ƙullun waken, ta ɗauraye da ruwa mai tsabta, ta naɗe a ɗan ƙyalle mai laima, ta sa a leda ta ƙulle bakin, sannan ta tsoma wannan ledar cikin wata mai ruwa da ƙanƙara. Da yake azumi ne, ƙanƙara ba ta yi wuyar samu ba. Ta ja kunnena cewa kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, domin tana kashe shi, kuma kada a jiƙa shi tsundum cikin ruwa.

A asibitin da muka fara zuwa an wanke ciwon, an naɗe, an yi mata allurar rage zafi da ta tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Akwai wani mai kemis cikin waɗanda suka rako mu, yana ta cewa abin bai kai a tafi Gombe ba, a ɗinke fatar kawai, yaro ai nan da nan yake warkewa. Jami'in da ya duba ta bai yi musu da shi ba. Ya kira ni ya ce in kwantar da nawa hannun a kan tebur, tafin yana kallon sama, in sake shi. Yatsuna suka ɗan lanƙwashe da kansu, kowanne ya ɗan fi na gefensa. Ya ce to dubi nata. Yatsanta na zobe ya miƙe sambal shi kaɗai a tsakanin 'yan'uwansa. Ya ce wannan miƙewar ita ce shaidar jijiyar da ke naɗe yatsan ta tsinke a ciki, kuma idan aka ɗinke fata a kanta, ciwo zai warke tas a ido amma yatsan ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Ya rubuta mana takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, wanda ke kan hanyar Ashaka. A mota muka sha ruwa, uwarta tana riƙe da hannun a sama tun daga Kumo har muka shiga gari.

Binciken da likitan ya yi a sashen gaggawa ya fi komai tsaya mini a rai, domin kusan duka da hannu da ido ya yi shi. Yarinya tana kuka, ba ta yarda ta motsa komai. Sai ya daina ce mata ta motsa. Ya matse naman hannunta da ke ƙasa da gwiwar hannu, yatsun suka naɗe da kansu ban da na zobe. Ya danna farcen kowane yatsa har ya yi fari, ya saki yana kallon yadda jini ke dawowa. Ya ce idan ja ya dawo cikin daƙiƙa 2, yatsan yana samun jini. Ya shafa gefe da gefen kowane yatsa yana neman gumi, domin inda jijiyar ji ta yanke fata ba ta gumi, bushewa take yi. Gefe guda na yatsan zoben a bushe yake. Daga nan aka tura mu hoton ƙashi, ya nuna ƙashin tsakiya na dogon yatsa ya karye ya goce.

Da ya ji sana'ata, sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani da abin da na sani. Ya ce, "Malam, naman da ke naɗe yatsu ba a cikin yatsun yake ba, yana can sama tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Abin da ke cikin yatsa jijiya ce doguwa da ke gudu cikin kubenta, kamar wayar kulocin babur cikin bututunta. In wayar ta tsinke, ko ta yi tsatsa ta manne da bututun, duk yadda ka matsa ba abin da zai motsa." Ya ce kowane yatsa ban da babba yana da irin wannan jijiyar guda 2 a ɓangaren tafi, ɗaya tana lanƙwasa gaɓar tsakiya, ɗaya tana wucewa har gaɓar ƙarshe, kuma na Ummi duka biyun sun yanke a daidai inda kuben ya fi matsewa. Akwai zamanin da likitoci ba sa ma yarda su ɗinka jijiya a wannan wurin saboda yawan mannewa. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu ƙasusuwa 27 ne, kuma a yaro kowane dogon ƙashi yana da wani wuri mai taushi kusa da gaɓa inda yake ƙara tsawo. In karaya ta bi ta nan, yatsa na iya tasowa a karkace ko ya tsaya da girma. Tata ta tsaya kusa da wurin, ba ta shiga ba.

Na miƙa masa ledar ƙanƙarar da dukkan fatan da ke zuciyata. Ya buɗe, ya daɗe yana dubawa a ƙarƙashin fitila, ya ce an adana shi yadda ya kamata, amma injin ya niƙe shi. Ya ce mayar da yatsa abu ne da ake yi, tun 1965 likitoci a Japan suka mayar da babban yatsan da ya guntule gaba ɗaya. Sai dai aiki ne na haɗa jijiyoyin jini da faɗinsu bai wuce milimita 1 ba a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma ya fi yiwuwa idan abu mai kaifi ne ya yanke. Wanda aka murje, jijiyoyinsa sun lalace har nesa da bakin ciwon. Duk da haka ya ce a riƙa kawowa kullum, likita ne zai yanke hukunci, wani lokaci ko fatar kaɗai tana da amfani. Yatsa ba shi da tsoka, don haka in an sanyaya shi yana iya jure awa 24, in ba a sanyaya ba kusan rabin haka. Hannu sukutum mai tsoka kuwa ba ya jure ko kusa da wannan.

Sai jira. Ummi ta ci abinci da la'asar, tunda ba ta kai azumi ba, mai allurar barci kuma ya ce sai cikinta ya yi awa 6 babu komai, domin in aka sa mutum barci da abinci a ciki yana iya amai ya shaƙe. A wannan tsakanin aka ɗebi jininta, aka sa mata ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, ni kuma ina ta safa da marwa da takardar kayan aiki. Kuɗin da ke aljihuna bai kai ko'ina ba. Ƙanena da ke Pantami ne ya zo da abin da ya samu, abokan sana'a suka turo nasu ta waya, daga baya na sayar da ƙaramin janaretan shago na biya bashi. Aka karanta mini takardar amincewa, har da cewa mai yiwuwa yatsan ya sandare, mai yiwuwa ɗinkin ya tsinke, mai yiwuwa a sake komawa ɗakin tiyata. Na sa hannu. Da za a tura ta ciki ta riƙe mini riga da hannun hagu, na ce, "Uwata, barci kawai za ki yi, ina nan bakin ƙofa."

Ana kiran sallar farko likitan ya fito. Ya ce sun fi daɗewa a wanki fiye da ɗinki, domin ƙullun wake da tsatsar inji sun shiga kowane lungu na ciwon, kuma duk abin da aka bari a ciki mugunya zai zama. Sun yanke naman da ya mutu. Sun daidaita ƙashin dogon yatsa suka soke shi da siririn ƙarfe wanda kansa ya leƙo waje. Jijiyar yatsan zobe da ta tsinke ta ja da baya har cikin tafin hannu, sai da suka ƙara tsaga fata suka kamo ta suka zuro ta cikin kubenta suka ɗinke. Sun haɗa jijiyar ji da zare wanda ya fi gashi siranta. Manuni kuma sun gyara bakin ƙashin suka jawo fatar tafinsa suka rufe, kuma tushen farcen yana nan. Na tambaye shi yadda suke ganin abin da suke yi cikin jini. Ya ce suna ɗaure damtse da wani madauri mai iska, amma da agogo a gabansu, ba sa barin shi ya wuce kamar awa 2, domin nama da jijiya suna fara mutuwa. Na tuna robar tayar da aka ɗaure mata, na lissafa tafiyar Kumo zuwa Gombe da jiran da muka yi, jikina ya yi sanyi.

An sa mata simintin asibiti tun daga kan yatsu har sama da gwiwar hannu, wuyan hannun a ɗan lanƙwashe don kada ɗinkin ya ja. Likitan ya ce babba akan fara motsa masa yatsu a hankali tun cikin makon farko, amma yarinya mai shekara 7 mai karaya a gefe ba za ta kiyaye doka ba, gara a kulle hannun mako 4. Aka rataye shi a jikin sandar ƙarin ruwa don kumburi ya sauka. Sista mai kula da ɗakin ta koya wa uwarta abin da za ta riƙa dubawa dare da rana. Kan yatsun ya kasance da ɗumi da launinsa. In ya yi fari fat ko ya yi baƙi, ko ya yi sanyi, ko zafi ya ƙi jin magani yana ƙaruwa, ko wari ya fito, to a kira su ko ƙarfe nawa ne.

Zaman ɗakin yara ya nuna mini cewa ba mu kaɗai ba ne. Akwai ɗan shekara biyu da ƙofar ƙarfe ta datse wa kan yatsa, iska ce ta bugo ta yana dafe da wajen hinji. Likitocin sun ce a ƙananan yara ƙofa ce kan gaba wajen cin kan yatsu. Akwai wanda sarƙar babur ta kama yana wasa ana wanke shi. Akwai wata da ta faɗa cikin garwashi tun tana rarrafe, ciwon ya warke a gida yatsun suka manne da tafi, yanzu ake son buɗe su. Wanda ya fi tayar mini da hankali yaro ne da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a hannu, aka ɗaure shi da karare tamau, hannun ya kumbura a cikin ɗaurin, yana kuka ana ce masa ɗori ne ke kamawa. Da aka kawo shi yatsun sun yi baƙi, ba a samu ceto hannun ba.

Shi ya sa da muka koma gida Baffana ya zo da shawarar a fasa simintin a kai ta wurin wani mai ɗori da ya yarda da shi, na san abin da zan ce. Ban raina masu ɗori ba, na san mutanen da suka ɗora suka miƙe, kuma Baffa ba wanda zan ɗaga wa murya ba ne. Na ɗauko hoton ƙashin na nuna masa ƙarfen da ke ciki, na ce, "Baffa, ƙashin an riga an ɗora. Abin da ake jira yanzu jijiya ce da aka ɗinka da zare, in aka ja yatsan sau ɗaya ta tsinke." Ya yi shiru, ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya tofa mata addu'a. Likita ya riga ya gaya mana cewa jijiyar da aka ɗinka ta fi rauni a makonni 3 na farko, daidai lokacin da zafi ya tafi yaro yana jin ya warke. Aikin uwarta a wannan watan shi ne hana guje-guje, hana simintin jiƙewa, da hana ta cusa tsinke ciki in yana mata ƙaiƙayi.

Ranar da aka cire simintin aka zare ƙarfen, abin da na gani ya karya mini gwiwa. Hannun ya rame, fata tana saɓa, yatsun a sandare. Na ɗauka aikin bai yi ba. Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta ce haka kowane hannu ke fitowa, kuma daga yau ne namu aikin ya fara. Ta ce jiki ba ya bambance abin da ya kamata ya haɗe da wanda bai kamata ba, yadda yake haɗa bakin jijiyar haka yake manna ta da kubenta, kuma motsi ne kaɗai ke raba su. In an yi da ƙarfi ɗinki ya tsinke, in an ji tausayi an bari yatsa ya sandare. Ta nuna mana yadda za a fara jiƙa hannun a ruwan ɗumi, a lanƙwasa kowace gaɓa da hannunmu a hankali, sannan ita Ummi ta gwada riƙe yatsan a inda aka ajiye shi. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, ya fi a tara a yi da yawa lokaci guda. Da dare a mayar da madaurin roba da suka yi mata. Ba ɗaukar abu mai nauyi, ba jan igiyar guga, ba rataya a bishiya har sai an cika mako 12 daga ranar aiki.

A ganina nan ne ake samun hannu ko a rasa shi, kuma nan ne mutane suka fi sakewa. Aikin tiyata dare ɗaya ne, kuma wasu ne suka yi. Wannan kuwa watanni ne, a tsakar gida, da yarinyar da ke kuka tana cewa, "Umma, ki bari, da zafi." Uwarta takan yi tana hawaye. Ga kuɗin mota zuwa Gombe, ga shago a rufe duk ranar da za a je. Na ga waɗanda muka fara zuwa gashi tare suka daina zuwa da zarar ciwo ya rufe, kuma na san talauci ne ya hana yawancinsu. Amma wanda duk zai iya, ko da rance ne, kada ya yanke zuwa gashi, domin a can ne ake auna gaɓa a ga ko tana gaba ko ta tsaya, a canja motsin da ake yi.

Abin da ya taimake mu shi ne mayar da abin wasa. Goggonta ce ta fara zuba wake da masara a faifai ta ce ta tsince mata, kowanne gefensa. Daga nan aka koma tsintar gero, wanda ya fi wuya. Aka ba ta ƙullun fulawa tana mulmulawa, aka ba ta soso tana matsewa a ruwa, kakarta ta ba ta carbi. Da aka ba da izinin ƙara ƙarfi, yayyenta suka dawo da carafke, kuma son ta cinye su ya sa ta naɗe yatsan fiye da yadda duk lallashinmu ya sa. Tabon kuma ana murza shi da man kaɗanya kullum don ya yi laushi kada ya kama abin da ke ƙarƙashinsa.

Jijiyar ji ta fi komai nawa. An gaya mana tana tohowa ne kamar milimita 1 a yini, daga inda aka ɗinka zuwa kan yatsa, kuma kafin ta isa, wannan gefen ba ya jin zafi ko kaifi. Wannan haɗari ne a gidan da ake girki da itace, yaro zai dafa murfin tukunya ya ƙone bai sani ba. Aka hana ta zuwa kusa da murhu, kunu ma sai an taɓa an ji. Wata rana ta ce wani abu yana mata tsir-tsir in an ƙwanƙwasa tabon, muka tsorata, ashe alamar tohowa ce, kuma a hankali wurin tsir-tsir ɗin ya riƙa matsawa gaba. Akwai gwajin da suka koya mana, a tsoma hannu a ruwan ɗumi na ɗan lokaci, fatar da jijiyarta ke aiki takan yamutse, wadda ba ta aiki takan zauna sumul. Ranar da gefen yatsan ya fara yamutsewa uwarta ta yi sadaka. Farcen manuni ya fito bayan wasu watanni, gajere, ya ɗan rusuna gaba. Da hunturu ya shigo yatsun suka riƙa yi mata zugi da asuba, sai da safar hannu.

Akwai kuma ciwon da ba a ɗinkawa. Ta daɗe tana firgita cikin barci, in ta ji ƙarar inji sai ta toshe kunne. Ta koma cin abinci da hagu, tana ɓoye daman cikin hijabi. Na je na samu malaminsu na Islamiyya da malamar ajinsu na boko, na roƙe su kada a tsawata mata kan hagun, kuma a hana yara tsokana. Sun yi mana ƙoƙari. Da kanta ta mayar da fensir hannun dama.

Mai injin ya zo gaisuwa tun muna asibiti, ya kawo abin da ya iya, idonsa ya yi ja. Mutane suka ce ƙaddara ce, na ce haka ne, na yarda da ƙaddara. Amma ni mai ƙarfe ne, na san tazarar da ke tsakanin bakin mazurari da wancan ƙarfen mai murɗiya bai kai tsawon hannun yaro ba, kuma na san wannan abu ne da ake gyarawa cikin yini guda. Na ce ya ba ni injin. Na ƙara wa mazurarin wuya har ya zama ko babba ya zura hannu ba zai kai ƙasa ba, na gitta sanduna a ciki, na sa aka sassaƙa muciya daidai wuyan na ɗaure ta da sarƙa a jikin injin don kada a ce an neme ta an rasa. Bel ɗin ma, wanda ke fizgar hijabi da hannun riga, na yi masa murfi na raga. Na matso da makashin injin kusa da inda mai aiki ke tsayawa. Shi kuma ya kafa katako a bakin ƙofa, yaro ya miƙa robarsa daga waje ya jira a waje.

Ba duka ya tafi daidai ba. Sandunan farko sun yi kusa da juna, jiƙaƙƙen wake da tattasai suna tsayawa a kai, sai da na rage su na dogara da tsawon wuyan. Murfin bel mai kusoshi kuwa, duk wanda na yi wa, ranar da bel ya tsinke ya kwance shi ba ya mayarwa. Yanzu da hinji da sakata nake yi, a buɗe a rufe ba sai an nemi sifana ba. Wasu masu injin sun karɓa da murna, wasu sun ce yana rage musu sauri, akwai wanda na koma na tarar da murfin a jingine da bango. Abin da ya fi damuna shi ne yawancin masu tsayawa a kan injinan nan yara ne, 'ya'yan gida ko almajirai, daga safe har dare, kuma gajiya ce ke sa hannu ya tafi inda bai kamata ba. Na yi magana a kan haka a taron ƙungiyarmu ta masu walda, na ce tunda mu ke haɗa ƙafafun injinan nan, kada mu bar wani ya fita daga shagonmu babu murfi.

A gida ma na bi ƙofofi. Na sa wa kowace maƙalin da ke riƙe ta a bango in an buɗe, saboda iskar damina, na rufe tsagar wajen hinji da yankin tsohuwar taya. Na mayar wa babur murfin sarƙarsa, na gyara ragar fanka, wuƙaƙe da reza suka koma saman kanta. Markaɗe kuma babba ke kaiwa, ko yaron da ya mallaki hankalinsa, shi ma ba ya shiga da ƙanensa.

Yau Ummi tana rubutu da dama, tana ci da dama, tana wanke-wanke. Dogon yatsan ya miƙe daidai. Manuni ya gaza ɗan'uwansa na hagu da kaɗan. Yatsan zobe yana naɗewa har ya kusa taɓa tafi, gaɓar ƙarshe ce ba ta cika lanƙwasuwa ba. Likita ya ce akwai aikin da ake yi a ɓanɓare jijiyar daga inda ta manne, a nan Gombe ko a asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, amma ba a yin sa sai gashi ya kai iyakarsa, kuma yadda take amfani da hannun bai ga dalilin sake yanka ta yanzu ba. Zai ci gaba da ganinta lokaci-lokaci yana ɗaukar hoton dogon yatsan, don ya tabbata yana girma tare da sauran.